Ƙarfen Malama Sadiƙa

Innarmu ta rasu ranar Talata da hantsi, kuma aka hana mu yi mata kuka.

Malama Sadiƙa ake ce mata. Ta koyar a firamaren ƙauyenmu, bayan Kurawa, tun ina goye har na haifi 'yata Nusaiba. Duk wanda ya iya rubuta sunansa a garin nan ta hannunta ya bi, kuma ya san zafin bulalarta. A gida ma ba ta ajiye malanta. Ni da yayana Kalilu mun fi kowa shan bulalar. Amma da jikoki suka zo sai ta zama wata daban. Nusaiba ta taɓa kifar mata da fura a zani, ta yi dariya ta ce yarinya na koyon kyauta ne. Ni da na fasa ƙoƙo ina ƙarama, har makwabta sai da suka ba da haƙuri.

A jikin dogon yaron da ke tsakanin gidanmu da makaranta akwai tsohon wilin mota a rataye, shi ne ƙararrawa. Dokar Inna kowa ya haddace ta: bugun farko na shiri ne, na biyu kuwa duk wanda ya riska bai tashi ba ya kuka da kansa. Ta yi ritaya, ba ta daina bugawa ba. Mutanen daji suka sa aka rufe makarantar, awaki suka koma kwana a aji, ita dai daga Litinin zuwa Juma'a sai ta dogara sanda ta je ta buga. Ta ce ba ta so yara su manta ƙarar.

Wannan ƙarar ce ta tsare mu. Cikin yaran da ta koyar akwai Abdulgani, mai in'ina, wanda 'yan aji suka dinga kwaikwayo har ta mai da shi kusa da kujerarta. Shi ne yanzu ke riƙe da dajin da ke bayanmu, da babura da bindigogi. Ƙauyukan da ke kewaye da mu sun watse, wasu suna Sabon Birni, wasu sun tsallaka Nijar. Mu ko tunkiya ba a taɓa kora mana ba. Tun farko ya aiko cewa muddin yana jin ƙarfen Malama, babu mai shiga garinmu.

Shi ya sa ko wanka ba a yi mata ba dattawa suka taru a zaure. Kalilu ya shigo ya same ni a kanta.

"Habi, ki yi haƙuri. An ce ba sanarwa, ba zaman makoki. Ni za ni riƙa buga ƙarhen."

"Yaya, matar da tak koyar da garin ga duka, ita za a rufe a ɓoye awa kayan sata?"

"In labari ya kai daji, wa za ya tsaya muna? Ki dubi ɗiyanki."

Na dube su. Mutane kaɗan suka ɗauke ta ta bayan gari, lokacin da rana ta kori kowa inuwa. Mata suka riƙa shigowa ɗai-ɗai, wannan ta zo aron rariya, waccan ɗiban wuta. Sai su riƙe hannuna su ce Allah ya jiƙanta a hankali, su fita da rariyar. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na kwanakin nan ba, kuma na ji haushin kowa, har da ita da ta mutu ta bar mu.

Gaskiya Kalilu ya iya bugun, har ɗan jinkirin da take yi tana mai da numfashi. Laraba ya buga, Alhamis ya buga, Juma'a ma haka. Mutane suka fara sakin jiki. Amma tun da aka rufe makaranta ranaku suka cakuɗe mana, ban da Juma'a da ranar kasuwa ba wanda ke kula. Shi kuma tsoro ya hana shi barci, gani yake in ya yi fashin safiya ɗaya mun shiga uku.

Ina daka da safe na ji ƙarfe ya yi ƙara. Taɓarya ta tsaya a hannuna. Turmin makwabta ma ya yi shiru. Asabar ce. Inna ba ta taɓa buga ƙarfen nan ranar Asabar ba tun da aka rataye shi.

Da la'asar muka ji babura. Suka tsaya a gindin dogon yaro, ba su kashe inji ba. Mutum ɗaya ya sauko, ya miƙa wa na bayansa bindiga, ya tuɓe takalmi a ƙofar zaurenmu ya yi sallama. Ina leƙe daga cikin gida. Abdulgani ne, ya rame, ya yi gemu, amma in'inar tana nan.

"Y-yaushe ne?" ya tambayi Kalilu.

"Talata."

Ya zauna a tabarma ya ɗaga hannu. Ya daɗe yana addu'a, dattawa suna amsawa da amin. Da ya shafa sai ya ce a kira ni. Na fito na tsaya a bakin ƙofa.

"Habi, ya haƙuri?"

"Da godiya."

"Da kun hwaɗa min, da na zo na ɗauki makararta. Kunka rufe ta awa wadda ba ta da kowa." Idonsa ya yi ja. "Ku yi mata makoki yadda ya dace."

Ya miƙe, ya sa takalmi, ya je gindin itacen ya zaro wuƙa ya yanke igiyar. Wilin ya faɗi ƙasa. Suka ɗaure shi a bayan babur. Kalilu ya bi shi yana cewa don Allah, don darajar Malama. Abdulgani ya juyo.

"Ai kun san d-dokarta," ya ce, suka tafi.

Ranar Lahadi na sami abin da nake so. Aka shimfiɗa tabarmi har waje, gari duka ya zo. Kowa ya kawo labarinta, wanda ta yi wa ɗinkin riga, wadda ta hana a cire daga makaranta, wanda har yau yake da tabon bulala. Na yi kuka har muryata ta dishe, ba wanda ya ce in yi shiru.

Litinin da safe ina ɗaura wa Nusaiba ɗankwali muka ji ƙarfen. Daga nesa, ta wajen daji, da ɗan jinkirin nan nata. Nusaiba ta ɗago kai.

"Inna, na farko ne ko?"

Na ce mata na farko ne, ta je ta kwance akuyarmu, ni kuma na shiga naɗe tabarmi, kada na biyu ya riske mu ba mu tashi ba.