Duwatsun Mashigi

Hasana na durƙushe gaban murhu tana hura ɗanyen itacen da ya ƙi kamawa, hayaƙi ya cika mata ido, sai ta ji an shigo gidan ba sallama. Ta ɗago ta ga maƙwabciyarta Tani a tsaye, hannunta duk ƙullun ƙosai, ko mayafi babu a jikinta.

"Lafiya, Tani? In wuta kika zo ɗiba, kin ga tawa ma ta ƙi."

Tani ta zo ta durƙusa kusa da ita, ta dafa mata gwiwa. Daga zaure Hasana ta jiyo muryoyin maza ƙasa-ƙasa, har da ta Mai unguwa Lado, wanda ba ya zuwa gidan kowa da hantsi sai da dalili.

"Sai haƙuri, Hasana. Malam Shitu ne. A mashigi."

Da safen nan mijinta ya fita da babur, ya ɗaure buhu biyu na ɗanyar masara zai kai kasuwar Rano. A tsaye ya sha kokonsa, ya ce ta ajiye masa ɗumame sai ya dawo. Hasana ta soma salati, sai Tani ce ta ƙarasa mata.

Ba a samo shi ba sai bayan la'asar, can ƙasa, cikin gonar shinkafar wani mutumin Durba. Babur ɗin kuwa yana nan cikin ramin da ya kayar da shi, tayar gaba a sama.

* * *

Unguwar su Hasana tana bayan rafin Tsamiya ne. Duk wanda zai je Kibiya ko Rano sai ya ƙetare shi, kuma gada ba a taɓa yi ba. Abin da suke da shi mashigi ne, sai kuma gayya. Kowace shekara in bazara ta kama, kafin ruwan farko, maza sukan fita da amalanke da jakuna zuwa gindin Dutsen Zabi da ke tsallaken rafin, su kwaso duwatsu. A shimfiɗa manya a ƙasa, a cike tsakaninsu da ƙanana, a daddaɓe. Mata su dafa dambu su dama kunu su kai. Aikin kwana uku ne. In an yi shi, ko ruwa ya kai gwiwa mutum ya san ƙafarsa a kan abu mai ƙarfi take.

Shitu shi ne mai jera duwatsun. A hannun mahaifinsa ya koya. Yana juya dutse sau ɗaya ya san ko mai kwanciya ne ko mai mirginawa.

A shekarar da abin ya faru, wasu mutane suka zo cikin farar mota mai ƙananan tutoci jere a jikin ƙofa. Suka kafa na'ura mai ƙafa uku suna leƙawa, suka bi suna kafa turaku masu jan fenti tun daga babban titi har bakin mashigi. Rediyo kuwa ta riga ta faɗa cewa ƙungiyar da ta haɗa ƙasarmu da maƙwabtanta ta ware kuɗi masu yawa don hanyoyi. Jama'a suka haɗa wannan da wancan. Kafin magariba labari ya zaga gida-gida cewa gada ta zo.

Babu wanda ya tambayi baƙin abin da suke aunawa, don ana ganin rashin ɗa'a ne a tsare baƙon hukuma da tambaya yana cikin aikinsa. Fura da nono aka kai musu, suka sha suka yi godiya da hannu suka tafi.

Da lokacin gayya ya yi, Mai unguwa ya tara maza bayan sallar azahar. Shitu ne ya ba Hasana labarin zaman da ya dawo.

"Kada wanda ya zuba dutse a wurin nan bana," in ji Mai unguwa. "In muka ɓata musu awo, sai su yi fushi su ɗauke aikin su kai wani gari."

"Ranka ya daɗe, in ruwa ya riga gadar zuwa fa?" in ji Shitu.

"Haba Shitu! Ko dai sarautarka ta jera dutse kake jin za ta ƙare?"

Aka yi dariya, har da shi. Aka watse.

Motocin aiki sun zo kamar yadda aka yi zato. Kwalta ta taho baƙa wuluk har bakin rafi, ta tsaya daidai turakun ƙarshe, sannan ta karkata hagu ta bi gaɓa ta nufi Dutsen Zabi. A nan aka ji sunan aikin: wurin yawon buɗe ido. Aka zagaye dutsen da waya, aka sa ƙofar ƙarfe da mai gadi.

Lokacin an riga an yi ruwa biyu. Shitu ya ɗaura wa shanu amalanke ya tafi shi kaɗai, mai gadi ya dawo da shi. Ya cika buhuna da yashi ya jera a mashigin, ruwa ya kwashe su cikin mako guda. Daga nan rafin ya soma cin ƙasan wurin a ɓoye. A sama ruwan yana nan kamar kullum. Mutumin da ya fi kowa sanin mashigin shi ne ya sa ƙafa inda ya saba taka dutse, ya tarar babu.

* * *

Tana cikin takaba ɗanta ya fito da babur ɗin daga wurin mai gyara. Ɗanmalam ake ce masa, shekararsa ashirin da huɗu, yana da mata da jaririya. Shi ne ɗan farinta, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta zama su yi hira, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Haka ta tashi ta ga ana yi, haka ta yi tun ranar da ta haife shi.

Ta ji ƙarar injin a ƙofar gida. Ya shigo ya durƙusa daga nesa ya gaishe ta. Ta juya fuska wajen akurkin kaji ta yi magana kamar da kajin take.

"Wannan abin da sayar da shi aka yi."

"Inna, in an sayar me za a ci? Hatsin gonar nan ba ya kai mu rani."

"Masu shi suka sani."

"Ai yanzu rafi ya kusa ƙafewa."

"Yanzu dai."

Ya tashi ya fita. Ita kuwa tun daga ranar take ƙirga watannin da suka rage damina ta dawo.

Bayan ta fita takaba, da bazara ta kusa, Mai unguwa ya zo da kansa, ya tsaya a zaure, ita tana daga ciki bayan asabari. Ya rame, rigar ta yi masa yawa.

"Hasana, ni na hana gayyar nan. Ban iya barci in na tuna."

"Mutuwa ta Allah ce, ranka ya daɗe. Shi kuwa shingen mutane ne suka kafa. Bana ina za a samo duwatsu?"

Ya ce ya je sakatariya sau uku, an ce a rubuto, an rubuta. Ya ce ya tambayi kuɗin tifar dutse daga Kano, ko an haɗa garin gaba ɗaya ba za a iya ba, ga shi wurin sai ya ci tifa shida. Daga ƙarshe ya ce za a buɗe wurin yawon buɗe idon a wata mai zuwa, an nemi matan unguwa su zo da ƙore da faya-faye su zauna ana ɗaukarsu hoto.

"A sa sunana," in ji Hasana.

* * *

Ranar buɗewa rana ta ƙwalle, hadari yana haɗuwa a gabas yana watsewa. Hasana ta ƙetare busasshen rafi da ƙwaryarta a ka. Ta tsaya ta leƙa ramin. Ya kai tsayin mutum, kuma ya ƙara faɗi.

A cikin shingen an gina ɗakuna na siminti an shafe su da jar ƙasa don su yi kama da na da, an yi musu jinka. Akwai rumfuna da kujeru, da wani babban allo mai rubutun da ba ta iya karantawa. Manyan baƙi suka yi jawabi, wani da Turanci, wani da Faransanci, ana tafi. Aka zaunar da matan a kan tabarma, aka ce su riƙa dama fura suna murmushi.

Tani ta zungure ta. "Ga wancan mai farar hula, an ce ɗan Rano ne. Injiniya Amiru. Shi ke kula da aikin."

Hasana ta ajiye ludayi ta tashi. Ta same shi a gefen rumfa yana duba waya, ta durƙusa ta gaishe shi. Ya yi saurin cewa ta tashi.

"Baba, lafiya?"

"Ni ce matar wanda ruwa ya ci a mashigin can bara."

Ya cire tabarau, ya yi mata ta'aziyya sosai, har da addu'a. Ta ga ba mugun mutum ba ne.

"Ɗana yanzu shi ke bin hanyar da babur," ta ce. "Damina ta kusa."

"Baba, wallahi na san matsalar. Amma kuɗin nan da sharaɗinsu suka zo. Kashi ɗaya na manyan hanyoyin da suka haɗa ƙasa da ƙasa ne, kashi ɗaya na wuraren da za su jawo baƙi. Ƙaramar gada ba ta cikin ko ɗaya. Wannan sai ƙaramar hukuma."

"Ni ban ce gada ba, ɗan nan. Mun daina sa rai da ita. Duwatsu nake roƙo. A buɗe mana ƙofa kwana uku, mazanmu su kwasa da hannunsu."

Ya dubi dutsen.

"An riga an sa wurin a takarda. Ko tsakuwa ba a fitarwa. Ana ɗaukarsa kayan tarihi ne."

"Tarihin wa?"

"Na mutanen yankin nan."

"To ai mu ne."

Sai idonta ya sauka kan 'yar hanyar da ta hau dutsen. An jera mata duwatsu gefe da gefe, an shafe su da farin fenti, an shuka furanni a bayansu. Faffaɗa ne dukkansu, masu kwanciya, kusan girmansu ɗaya. Ba a tsintar irinsu haka kawai, sai an zaɓa. Ta tuna Shitu yakan ware tsibi a ƙarshen kowace gayya, ya ajiye don ta baɗi.

"Waɗannan a ina kuka samo su?"

"A tare muka tarar da su a gindin kuka. Sun rage mana aiki ƙwarai."

"Mijina ne ya tara."

Injiniya ya sunkuyar da kai. Ya ciro takarda ya rubuta sunanta da na unguwar, ya ce zai kai maganar gaba, amma ba zai yi mata alkawari ba. Wani ya kira shi don a yanka ƙyalle, ya tafi da sauri. Da aka tashi, aka ba kowace mace jaka mai tambarin ƙungiyar, da shinkafa dafaffiya a roba.

* * *

An yi gayya a wannan shekarar, da marmara da buhunan yashi da rassan bishiya. Ruwa na uku ya tafi da rabinta. Daga wurin injiniya ba a ji komai ba.

Washegarin ruwan, gari na wayewa Hasana ta ɗauki kwando ta fita. Da Ɗanmalam ya iso bakin rafi da kayansa, sai ya hango mahaifiyarsa a tsakiyar ruwa, ta ɗaure zane tamau, tana tafiya a hankali tana laluben ƙasa da tafin ƙafa. Ta kauce wa ramin ta dama, ta haura tsallake, ba ta waiwayo ba. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya sauka ya tura babur ɗin ta inda ta bi.

Da yamma ya aiko Tani, tunda shi ba zai iya faɗa mata ba.

"Ɗanki ya ce don girman Allah ki daina. Ya ce in ruwa ya ɗauke ki, da wane ido zai dubi mutane?"

"Wa ya ce don shi nake zuwa? Rama nake tsinkowa a tsallake."

"Hasana, wace ramar ce a kan kwalta?"

"Ke dai kai masa amsa."

Yau damina ta biyu ke nan. Kullum sai Hasana ta riga ɗanta zuwa bakin rafi. Ran da ruwa ya wuce mata ƙugu, takan dawo ta zauna a tsakiyar hanya ta ba gari baya, shi kuma in ya zo ya ga haka sai ya juya ba tare da sun ce wa juna uffan ba. Ran da bai kai ba, ta ƙetare, ya bi sawunta. Yakan wuce ta a bakin kwalta, kansa a ƙasa, ya tayar da injin.

Takan tsaya nan ta matse bakin zanenta, tana saurare har ƙarar babur ɗin ta ɓace wajen Rano. Sannan ta ɗora kwandon a ka, ba komai a ciki, ta sake shiga ruwan.