Ɓawon Maɗaci

Wanne ya fi nauyi a wurin Allah: ka hana ɗan'uwanka magani ya lalace a gabanka, ko ka ba shi ya kashe shi? Ja'afaru ya tambayi malaman unguwar Badarawa, kowa ya ce masa Allah ne masani.

Ma'aikaci ne a wani ɗakin bincike. Can ya tace wani sinadari daga ɓawon maɗaci, ya ɗiga wa tsutsotsin da ke kawo tundurmi, suka sandare a kwalba. Amma ɓerayen da ya ɗura wa, wasu sun rayu, wasu hantarsu ta kumbura suka mutu. Murna ta sa ya yi suɓutar baki a gaban yayarsa Sa'adiya.

Ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Yanzu tundurmi ya mai da ƙafarta ta dama kamar turmi, tana tsattsafo da ruwa mai ɗoyi. Ƙwayoyin asibiti ba su saɓar da kumburin ba. Rumfarta ta atamfa a Babbar Kasuwa ta daɗe a rufe.

Ran Juma'a ya biya ta gidanta a Hayin Banki.

"Auta, ka zo da shi?" in ji ta.

"Yana jaka, Yaya, ofis zan mayar. Ba a gwada shi a jikin mutum ba."

"To ga mutum, gwada."

"Ɓeraye fa sun mutu."

"Ashe ɓera ya fi ni gata. Shi ai an ba shi."

"Wallahi ba zan ba ki ba."

Ta nuna murhu da haɓa. Tukunya ce cike da ɓawon maɗaci tana tafarfasa, ruwan ya yi baƙi ƙirin.

"Ai ka riga ka faɗa mini sunan itacen. Ya huce in shanye."

"Yaya, wannan ba awo! Hantarki zai cinye!"

"Ka zubar, in aika a sayo wani. Kuma ko mai maganin bakin kasuwa sai ya kurɓa kafin ya miƙa wa mutum. Kai naka tsoronsa kake."

Ya dubi tukunyar, ya dubi ƙudajen da ke bin ƙafar. Ya ɗauko kwalbar sinadarin daga jaka, ya ɗiga kaɗan a kofin ruwa. Ya yi bisimilla ya shanye rabi, ɗacin ya tsaga masa maƙogwaro.

Ya durƙusa ya miƙa mata sauran.