Gefen Giwa

Motar tsohon makanike ba ta da sifirin, ƙarfen nan mai ɗaukar nauyi, irin na sauran motoci. A kan ruwa take zaune, wani koren ruwa da ake turawa da famfon hannu cikin bututu, gefen hagu da nasa, gefen dama da nasa. Ka ƙara ruwa ta ɗaga, ka rage ta durƙusa. Tun da matarsa ta rasu motar ke tafiya a karkace kamar mai ciwon ƙugu, shi kuwa ya ƙi taɓa ta.

Matar ba ƙaramar mace ba ce, Allah ya jiƙanta. Giwa yake ce mata, ita kuma ta ce masa Tsinke, kuma a cikinsu babu wanda ya yi wa wani ƙazafi. Don haka gefenta ya fi ba ruwa. In za su daidaita motar, sai ta zauna a kujerarta, ta kwantar da kwalba mai rabin ruwa a gabanta ta zuba mata ido, shi kuma ya durƙusa a baya wajen bawul, bakin da ake tura ruwan ta cikinsa, yana buga famfo. Daga can ba a hango kwalbar. Sai ruwan kwalbar ya kwanta daidai ta ɗaga murya: "Ya isa, Tsinke! Sama za ka jefa ni?"

Yanzu babu Giwa, gefenta ya ɗaga kafaɗa, motar ta kwanto masa. Mutanen layi sun yi dariya har sun gaji, daga baya suka gane, suka yi shiru. Shirun ya fi dariyar ciwo.

'Yarsa ce ba ta yi shiru ba. Ta zo duba shi, ta shafa tayar gaba, ta ga gefe ɗaya ya cinye har waya ta leƙo.

"Baba, kai da ka gyara motocin mutane har ka yi furfura, taka ce za ta kashe ka?"

"Tafiya take yi lafiya lau."

"Kamar kaguwa take tafiya. Ka sauke gefen Mama, don Allah. Ba za ta dawo ta zauna ba."

Ta faɗa, ta yi da-na-sani, ta tafi tana share ido. Shi bai yi fushi ba. Gaskiya ce, kuma ita ce abin da ba ya son ji.

Da safe ya jawo famfon daga bayan ƙofa, ya kaɗe masa yanar gizo. Ya ɗaura tiyo a bawul ɗin gefen Giwa, ya murɗa. Koren ruwan ya tsiyayo cikin gwangwani, gefen yana sauka a hankali, ƙarfe na ɗan kuka. Ruwan da ya tura ne da hannunsa ranar da ta yi masa tsiyar ƙarshe. Bai iya zubar da shi ba, ya rufe gwangwanin ya ajiye a inuwa.

Ya auna daga tsakiyar taya zuwa bakin ƙarfen da ke samanta, hagu da dama, suka zo ɗaya. Ya kwantar da kwalbar a inda take kwanciya, ya shiga ya zauna. Ruwan kwalbar ya ɗan gangaro wajensa. Ashe Tsinke ma yana da nauyi in shi kaɗai ne. Sai an ƙara wa nasa gefen kaɗan.

Ya koma baya ya durƙusa, ya mayar da tiyo bawul ɗin gefensa, ya fara bugawa. Hannu ya san aikinsa, ba ya neman shawarar kai. Yana turawa yana jawowa, gumi na zuba, kunnensa na can gaban mota. Sai da famfon ya yi tauri ya ƙi motsi sannan ya tuna abin da yake jira.

Ya miƙe da ƙyar. Gefensa ya yi sama fiye da yadda nata ya taɓa yi, motar ta karkata zuwa kujerar da ba kowa. Ya buɗe ƙofa ya hau, jikinsa ya zame, kafaɗarsa ta jingina da kujerarta. Ruwan kwalba duk ya taru a can wajenta.

Ya daɗe a haka bai gyara zama ba.

"Ai da sai ki yi magana, Giwa," ya ce.