Kafin Mama Ta Ji

Shekara goma sha ɗaya muka yi ni da Juliana a shago ɗaya a unguwar Nasarawa, ni ina yanka ina ɗinki, ita tana aikin duwatsu a rigunan amare. Duk tsawon zaman nan ban taɓa ce mata ta shiga Musulunci ba. Kar a ɗauka kirki ne ya hana ni. Ni mutum ce mai baki, na san in na fara wa'azi da faɗa za mu ƙare, kuma ba zan sami mai hannu irin nata ba ko zan zagaye Kaduna da ƙafa.

Ibo ce, amma a Kakuri aka haife ta, lokacin mahaifinta yana aiki a masaƙa, don haka Hausa a bakinta ba a cewa komai. Mijinta Timothy ya rasu a hatsarin mota wajen Kakau shekara shida da suka wuce. Tun daga nan ta koma Sabon Tasha wurin mahaifiyarta, Mama Adaora, mai sayar da agushi da busasshen kifi a kasuwa. Su biyu ne rak a gidan, ba su da kowa sai juna.

Wata Talata cikin watan Oktoba, tana zura zare a allura, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Rukayya, ina so ki kai ni wurin limaminku."

"Wa ya yi miki laifi?"

"Musulunta zan yi."

Na ajiye almakashi. Tambayar da ta fara fita daga bakina har yau kunyarta nake ji. Na ce, "Wane ne shi?"

Ta yi dariya. "Har da ke? Wato mace ba ta neman Allah sai in namiji ne ya riƙe mata fitila."

Sannan ta ba ni labari a hankali, hannunta yana aiki. Ta ce bayan rasuwar Timothy addu'a ta ƙare mata a baki, sai ta durƙusa ta rasa abin faɗa. A lokacin ne ta fara lura da ni. Sai in gama zazzaga wa kwastoma masifa a kan kuɗin leshi, in ji kiran salla, in shige bayan tulin atamfofi in kai goshi ƙasa, in fito kamar an yayyafa mini ruwan sanyi.

"Na ce abin da ya iya sa Rukayya ta yi shiru na minti biyar, ya kamata a bincike shi."

Ta sayi fassarar Alƙur'ani, ta yi shekara huɗu tana karantawa tana ajiyewa. Wata rana na tafi kasuwa sayo zare, ta rufe ƙofar shago ta kai goshinta ƙasa a inda nake kai nawa, ba ta ma san abin da ake faɗa ba. Ta ce ranar ce ta fara yi wa mijinta kuka na gaskiya.

"Ba ni da faɗa da kowa, Rukayya. Cocinmu ba su yi mini komai ba sai alheri. Nan dai zuciyata ta zauna. Amma da sharaɗi. Mama ce shugabar matan coci, Lahadi mai zuwa suna bikin godiya na shekara, ba zan ɓata mata shi ba. In ya wuce zan zaunar da ita in faɗa mata da bakina. In ta ji daga gare ni za ta yi kuka ta haƙura. In ta ji a waje, na rasa ta."

Ita so ta yi a jira har bikin ya wuce kafin mu je wurin liman. Ni ce na hana. Na ce irin wannan ba a yi masa jinkiri, wa ya san gawar fari? Na rantse mata babu mai ji.

Ranar Alhamis bayan la'asar muka je zauren Malam Kabiru, limamin masallacin layinmu. Daga shi sai matarsa Malama Zainab, sai ni da maigidana Malam Abubakar. Liman bai yi gaggawa ba. Ya tambaye ta ko wani ne ya matsa mata, ko aure aka yi mata alkawari, ko wata buƙata ce ta kawo ta. Ta ce babu. Ya ce ba dole ba ne ta sauya suna, kuma haƙƙin mahaifiyarta a kanta bai ragu da komai ba, sai ma ƙaruwa. Ta karɓi kalmar shahada da murya ƙasa-ƙasa. Ni da Malama Zainab muka yi kabbara, hawaye na zubo mini. Wayata kuma tana hannuna tana ɗauka. Na ce wa kaina don tarihi ne.

Da safe farin ciki ya hana ni zama. Muna da guruf ɗin matan Islamiyyarmu a waya, mu goma sha tara ne, duk na san gidajensu. Na tura musu hoton bidiyon, na rubuta a ƙasa da manyan baƙaƙe cewa amana ce, kar a tura wa kowa. Ni a wautata na ɗauka wannan rubutun ƙofa ce na kulle.

Kafin Asabar bidiyon ya dawo mini daga wurin ƙanwata da ke aure a Funtuwa. An ɗora masa waƙa, an rubuta cewa 'yar babban fasto ce ta musulunta bayan ta yi mafarki. Mahaifin Juliana, bawan Allah, har ya mutu bai taɓa hawa mumbari ba, injin saƙa ya sani. A ɗaya ɓangaren kuma, a Sabon Tasha da Unguwar Boro, labarin ya sauya riga. Wasu suka ce wani Alhaji mai gidan mai ne zai aure ta. Wasu suka ce mota aka ba ta. Wata da muke yi wa ɗinki shekara da shekaru ta ce ai dama an daɗe ana zuba mata abu a zoɓo. Kowa ya san dalilin Juliana, amma babu wanda ya tambaye ta.

Ranar Asabar ɗin, ana gobe bikin godiya, wata maƙwabciyar Mama a kasuwa ta miƙa mata waya ta ce ta duba ko ta gane wannan.

Litinin Juliana ta zo shago a kan lokaci. Ta zauna ta ɗauki rigar da ta bari. Na durƙusa gabanta, ni da ko maigidana yakan sha wuya kafin ya ji ban haƙuri daga bakina.

"Tashi," ta ce. "Kina tare mini haske."

"Me Mama ta ce?"

"Da ta ce wani abu ai da sauƙi. Ta je bikin, ta jagoranci mata, ta dawo. Ta ware tukunyarta. Ta ce ba ta san abin da Musulmi suke ci ba, kar ta ba ni abin da zai ɓata mini addini."

Ba ta zage ni ba, ba ta bar shagon ba. Ni kuwa da ta kwashe ni da mari da na fi samun sauƙi. Haka muka ci gaba, wata guda, wata biyu. Gida ɗaya suke kwana da uwarta, gaisuwa kawai ke haɗa su. Kullum in mun tashi da yamma sai ta tsaya wurin mai shayin bakin titi ta sayi burodi da ƙwai a leda, abincin darenta ke nan. Matar da uwarta ba ta taɓa barin ta ta kwana ba tare da miya mai zafi ba. In na kawo mata tuwo daga gida sai ta ce ta gode, ta ƙoshi. Salla kuwa tana yi, a bayan atamfofin nan, ni a gaba ita a gefena, amma in mun sallame kowa sai ya kama aikinsa.

Farkon Disamba na kasa jurewa, na hau keke napep na tafi kasuwar Sabon Tasha. Na sami Mama tana auna wa wata agushi. Sai da ta sallame ta, ta gyara kifinta, sannan ta dube ni.

"Madam telan bidiyo. Me za a auna miki?"

"Mama, haƙuri na zo ba ki. Laifina ne ni kaɗai. Juliana ta so ta faɗa miki da kanta, ni na riga ta."

"Nawa kuka ba ta?"

"Wallahi ko sisi."

"Wane Alhaji ne?"

"Babu kowa, Mama."

"Na sani," ta ce. "Ni na haife ta. Da kuɗi ne ko miji da na san yadda zan yi faɗan. Zauna, kina tare mini kasuwa."

Na zauna a kan benci.

"Shekara arba'in ina Kaduna. Da can a Tudun Wada muke, cikin Hausawa. Lokacin rikicin shekarar dubu biyu aka ƙona ɗakinmu. Wanda ya ɓoye mu a gidansa kwana uku Musulmi ne, ban manta ba. Waɗanda suka sa wutar su ma Musulmi ne, suna yi suna wannan kalmar da kika yi a bidiyo. Ina tsaye a nan, a gaban mutane, na ji kalmar a kan my own daughter. Ke kina murna."

Ban taɓa tunanin yadda kabbarata za ta shiga kunnen wani ba. A wurina godiya ce ga Allah.

"Ita ba ta faɗa miki dalilinta ba?" na tambaya daga baya.

"Ban tambaya ba. Duk Kaduna sun ji kafin ni, to su riƙe." Ta ɗauki mudunta. "Tana cin abinci a shago?"

"Burodi take saya."

"Burodi," ta ce. Na tashi na tafi.

Ranar jajibirin Kirsimeti da hantsi ina shirin fita shago, na ji keke ya tsaya a ƙofar gidanmu. Mama Adaora ce, da ɗaurin ɗankwalinta na zuwa coci, ta riƙo zakaru biyu manya an ɗaure musu ƙafa. Ba ta taɓa taka gidana ba. A Kaduna ba baƙon abu ba ne Kirista ya kawo wa maƙwabcinsa Musulmi kaza ko akuya ya yanka masa, don in an dafa kowa ya iya ci. Amma Mama da hannunta take yanka kajinta tun rasuwar mijinta.

"Mijinki yana nan?"

Malam Abubakar ya fito ya gaishe ta har ƙasa. Ya ɗauko wuƙa ya wasa, ya ba zakarun ruwa, ya fuskanci alƙibla. Mama ta matso kusa tana kallon komai, kamar mai koyon sana'a. Da ya yi bisimilla ya yi kabbara a hankali, na ga ta runtse ido, amma ba ta ja da baya ba.

"Shi ke nan?" ta ce.

"Shi ke nan, Mama."

"Tukunya fa? Sai na sayi sabuwa?"

"A'a. Taki ta isa, wankewa kawai."

"To me kuma ba ta ci?"

Ya lissafa mata, ba su da yawa. Ta gyaɗa kai, ta zuba zakarun a buhu.

"Kar ku ɗauka na yarda ne," ta ce. "Ban yarda ba. Gobe zan je coci in yi mata addu'a irin tawa. Amma shekara talatin da takwas ina ba yarinyar nan abinci, ba zan zauna in ci kaza ita tana cin burodi a bayan ƙofa ba."

Na ce, "Mama, bari in kira ta yanzu in faɗa mata, wallahi za ta..."

Ta juyo ta dube ni, sai da na haɗiye sauran.

"Rukayya. Wannan nawa ne. Ni zan faɗa mata."

Na isa shago na tarar da Juliana ta riga ni, ga riguna bakwai da za a karɓa kafin yamma. Ta dube ni ta ce lafiya na makara? Na ce lafiya lau. Muka yi aiki, muka yi azahar, muka yi la'asar. Sau uku ina buɗe baki in faɗa mata, ina mayar da shi kan zare. Ta rame a wata biyun nan, sai ranar na lura da yadda zoben Timothy yake yawo a yatsanta. Kalma biyar ta isa ta sauke mata duk abin da take ɗauke da shi, kuma ni na ɗora mata shi.

Da muka rufe shago ta ce sai bayan hutu. Ta tsallaka wurin mai shayi kamar kullum, ta ce a soya mata ƙwai biyu a sa a burodi. Ina tsaye ina kallo aka ƙulle mata a leda, ta biya, ta tare keke mai zuwa Sabon Tasha. Na bar ta ta tafi da burodinta.