Taya Ta Biyar

"Mirgino ta nan kusa da gadon," in ji Baba Mai Faci. "Ido ya ƙi, amma hannu bai yi ritaya ba."

Maman Ɗigo ta turo tayar ta ƙofar ɗakin, tana tare ta da gwiwa kada ta bugi teburin magunguna. Iya, matar Baba, ta janye tabarma gefe tana mita.

"Likita ya ce hutu. Shi ne har da taya a ɗakin kwana."

"Likita ya ce kar in je shago. Bai ce kar shago ya zo ba."

Katanga ɗaya ce tsakanin gidansu Maman Ɗigo da na Baba, shagon facin Baba kuwa yana jikin ƙofar gidansa, wata biyu ke nan a rufe. Ya zaro hannunsa daga bargo, hannun da ya rame har zobe ya daina zama, ya shafa tayar daga sama, ya gangaro gefenta ya latsa. Bai daɗe ba ya janye.

"Wa ya zaɓo wannan?"

"Baban Ɗigo ne. Irin ta da ce, wili inci sha takwas. Aro na karɓo daga shagon masu taya don ka gani."

"Takalmin ofis ne, 'yata. Kira min shi."

Tun da aiki ya kai mijin Maman Ɗigo wani gari, ita ke tuƙa a-kori-kurarsu duk Asabar zuwa gonar da mahaifiyarta take zaune, bayan duwatsu, ta kai mata magani da kayan masarufi. Hanyar duwatsu ce masu kaifi, sai kuma yashin busasshen rafi. Watan jiya taya ta fashe mata a kan dutse, ga Ɗigo, 'yarta mai shekara uku, ƙirjinta ya fara toshewa, maganin asmarta na shaƙa saura kaɗan. Awa uku suka yi a rana kafin wani mai tarakta ya biyo. Tun ranar, ko ƙarar fashewar leda ta ji sai gabanta ya faɗi.

Mijin ya ɗauka, ta buɗe muryar wayar. Bayan gaisuwa da ya jiki, ya ce, "Baba, ai sha takwas ɗin ta fi kyau a ido."

"Idon ne zai hau dutsen? Ƙaton wili, taya ba nama. Dutse na taɓa ta ya isa ƙarfe. A sa wili sha shida, taya mai tsawon gefe, mai haƙora. Ita ce ke lanƙwasa ta rungumi dutse ta wuce. A yashi kuma a rage mata iska ta baje ƙafa."

"To a sa mafi girma duka mana, tunda haka ne."

"Ka ji shi. Ɗazu kwalliya, yanzu haɗama." Tari ya sarƙe shi, Iya ta tallafo kansa ta ba shi ruwa. Da ya lafa sai ya juyo wajen Maman Ɗigo. "Yaya kike saya wa yarinyar nan takalmi?"

"Ina latsa gaban, in bar wurin yatsa ɗaya."

"To yatsa ɗaya na yarinya, huɗu na mota. In an ɗaura, ki murɗe sitiyari har ƙarshe, ki zura hannu tsakanin taya da bodi. In huɗu ba su shiga ba, ranar da kika faɗa rami da kaya za ta goga ta yage."

Ɗigo ce ta ɗauko masa alli daga aljihun rigar aikinsa da ke rataye a ƙusa, don ta san wurin. Nan alewarta ke zama a da. Ya rubuta lambobin tayar da za a saya a jikin allon gadon, manya, a karkace. Maman Ɗigo ta kwafe su sau biyu, a waya da kuma bayan katin asibitin yarinyar.

Ranar Talata ta dawo da motar a kan sababbin ƙafafu. Yatsu huɗu sun shiga, har da ɗan saura. Tana kashe injin ta ji muryar Iya ta katanga: "Malamin naki na kira."

Ya ƙara zubewa a kwana biyun nan, maganarsa sai an matso.

"Na ji tafiyarta tun daga kwana. Ta yi nauyin da ya kamata. Nawa kika sa?"

"Huɗu, Baba. Su ke nan a shagon, sai wata mai zuwa za a kawo. Tsohuwar safaya tana nan, lafiyarta ƙalau."

"Tsohuwar gajera ce, ga ta siririya. Kina sa wa Ɗigo takalmi ƙafa ɗaya nata, ɗaya na bara da ya matse ta?"

"Ta gaggawa ce kawai."

"A bayan duwatsu komai na gaggawa ne. Biyar ake saya, ba huɗu ba." Ya lalubo hannunta ya riƙe. "Kar ki bi hanyar nan sai da ta biyar."

Maganin hawan jinin mahaifiyarta ranar Asabar zai ƙare, ita ta ƙirga ƙwayoyin da hannunta. Ta gyara masa bargo, ta ce Allah ya ƙara sauƙi.

Laraba ta zagaya shaguna shida da Ɗigo a kafaɗa. Ko'ina sai a ce akwai mai kama da ita. Ta riga ta san abin da Baba zai ce da mai kama.

Ranar Alhamis da hantsi tana shanya kayan yarinyar ta ji salatin Iya, a hankali, ba kuka a ciki. Ta bar rigar a cikin bokiti ta zagaya. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Layin ya cika da direbobi, motocinsu jere har bakin titi, kowa na ba da labarin inda Baba ya taɓa ceto shi. Ɗigo ta yi ta tambaya wa zai riƙa ba ta alewa.

Da yammacin Juma'a, mutane sun ragu, Iya ta kira ta gefe ta kwance makulli daga bakin zaninta.

"Buɗe shagon. Ni ban iya shiga tukuna."

Ƙofar ta yi ƙara. Warin roba da man gam ya tarye ta, ga kwanon ruwan da yake neman huji a ciki ya bushe. A tsakiyar shagon taya ce tsaye, sabuwa, a ɗaure kan wilinta, an ba ta iska. Ta durƙusa ta duba lambobin da na bayan katin asibiti. Ba bambancin ko ɗaya.

"Ranar Talata kina fita ya sa na kira masa wani tsohon abokin aikinsa a wani gari," in ji Iya daga bakin ƙofa. "Laraba aka kawo, kina can kina yawon shaguna. Sai da aka shigar masa da ita ɗaki ya shafa, sannan ya yarda ya sha magani. Mutumin nan, har ƙarshe taya ta fi ni samun shafa."

Iya ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya. A gefen tayar an rubuta ƊIGO da alli, harafin ƙarshe bai gama rufewa ba.

Asabar da safe suka haye duwatsun, motar na taka su a hankali kamar mai tafiya kan katifa. A bakin yashi Maman Ɗigo ta tsaya ta sauko, ta bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya tana rage musu iska, tana kallon yadda suke baje ƙafa. Ɗigo na barci a kujerarta, numfashinta na fita sumul. Uwar ta leƙa bayan motar ta jijjiga ta biyar ɗin, ta ji ta daram. Da ta koma ta kama sitiyari, sai ta ga farin alli a tafin hannunta. Ta duba shi jim kaɗan, ba ta goge ba, ta tayar da mota.