Goshin Gadar Tamarack

Shekara da shekaru mutanen gundumar Tamarack suna kuka a kan gadarsu mai rufin katako, gwamnatin jiha ta yi kunnen uwar shegu. Sai da wani ya sa hotonta a kalanda aka tuna ashe kayan tarihi ce. Ƙwararru suka taso daga babban birni, kowa da hular kwano sabuwa fil, suka rantse za su mayar da ita yadda aka gina ta tun kaka da kakanni.

Wendell Hostetler ya fi kowa murna. Shanunsa na wannan gaɓa, gonar ciyawarsa na waccan, gadar ce kaɗai hanya. Tun yana yaro ubansa ya sa zarto ya rage gungumen da ke goshin gadar don lodin ciyawa ya wuce, kuma ba wanda ya taɓa cewa uffan.

Ranar bikin sake buɗe gadar bayan gyara ta zo daidai da ranar da ciyawarsa ta bushe, ga hadari ya haɗo daga yamma. In ruwa ya taɓa ta, ta ruɓe ke nan, shanu su ci iska da hunturu. Ya yi lodi har sama, ya ja tarakta. A bakin gada ya tarar da 'yan badujala, da jan ƙyalle, da teburin kek na matan coci. Ya ɗaga kai. Goshin gada cikakke, sabon gungume sai sheƙi yake, ya tokare wa lodinsa hanya.

"Tsoho, an yi wa gadarku sabon haƙori!" in ji Lyle maƙwabcinsa, baki cike da kek. "Kai kuma sai ka koya wa shanu iyo."

Madam Applegate, wadda jiha ta turo, ta matso da almakashin yanka jan ƙyalle a hannu.

"Mista Hostetler, haƙuri za ka yi. Wani marar imani ne ya taɓa sassare gungumen nan. Mun gyara ɓarnarsa."

"Marar imanin ubana ne, ranki ya daɗe."

"Ayya. To, ai da can keken doki ke bi, ba tarakta ba."

"Dokin ma jiha za ta kawo, ko shi ba tarihi ba ne?"

Ta yi murmushin da ake koyarwa a ofis, ta bayyana masa cewa a ƙa'idarsu, abu sai ya shekara hamsin yake zama tarihi, daga nan ba mai taɓa shi. Wendell ya lissafa shekarun saran ubansa a zuci, ya ga sun haura haka da nisa. Ya buɗe baki, sai ɗigon farko ya faɗo masa a hanci. Ya rufe.

Ya ɗauko zarton inji daga bayan kujera, ya haye kan lodi. Badujala ta tsaya cak. Garin katako ya dinga zuba a kan kek.

"Laifi ne fa babba!" Madam Applegate ta ƙwala ihu. "Sai ka gurfana gaban alƙali!"

"Zan je, bayan na sauke ciyawa." Ya cilla mata guntun gungumen gaban ƙafa. "Ki adana wannan. Nan da shekara hamsin ku dawo da badujala."

Tarakta ta kutsa, ta tsinke jan ƙyallen da kanta. Lyle kaɗai ya tafa, ruwa kuma ya kece a kan rufin da jiha ta gyara, wanda, a faɗi gaskiya, ko ɗigo bai yoyo ba.