Ado a Ƙofar Gidan Makoki

Tun da dusar ƙanƙara ta fara sauka a Toyama ta ƙasar Japan, wayar shagon gyaran lambu na Chizuru ta yi tsit. Ita da ma'aikatanta sun riga sun gama ɗaure rassan itatuwan mutane da igiya don kada nauyin ƙanƙara ya karya su, daga nan kuwa mai gyaran lambu ba shi da sauran aiki sai wasa almakashi da jin ɗumi. Mahaifinta, a zamaninsa, sallamar ma'aikata yake yi sai sanyi ya wuce. Ita da ta gaji shagon, bakinta ya kasa furta wannan magana.

Sai ta rungumi aikin kadomatsu, adon sabuwar shekara: gora uku a yanke kansu a karkace, a kewaye su da koren rassan matsu, itacen da ba ya kaɗe ganye ko da sanyi, a naɗe gindin da igiyar karan shinkafa, a girke biyu a ƙofar gida, dama da hagu. Duk kunyarta, haka ta bi gida-gida tana neman masu so. Aka kuwa samu, har suka rasa lokacin tsayawa cin abinci.

Ranar rabo, Baba Mitsugu, tsohon ma'aikacin mahaifinta, ya fita da a-kori-kura tun da sassafe. Da hantsi ya dawo yana kakkaɓe hula, ya miƙa hannuwa saman murhun kananzir.

"Shugaba, a ba ni shayi, na kashe aiki. Kuma yau na ci sa'a, tsohon nan Horiuchi bai fito ya ce gorar ta karkace ba. Kin san shi, ko da ma'auni ka..."

Ya dubi Chizuru, ta dube shi.

Tsoho Horiuchi ya rasu tun farkon bazara. Su biyun nan sun je jana'izarsa. Gidan da aka yi rashi kuwa ba ya ado a sabuwar shekara, wannan ko ƙaramin yaro ya sani.

"Baba, ba dai ka girke su ba?"

"Dama da hagu. Har na share gindinsu." Ya dafe kai. "Motar ce ta san hanya, 'yar nan. Tun ba a haife ki ba da gidan muke farawa."

Ba ta iya ɗora masa laifi ba, don ita da hannunta ta zaɓi mafi girma don gidan Horiuchi ta loda a gaba, kamar kowace shekara. Lambun Horiuchi shi ne ƙashin bayan shagon, kuma tun ranar jana'iza ɗan gidan da ke Tokyo yake faɗin gara a miƙa shi ga babban kamfani. Ga shi sun ba shi hujja da hannunsu.

"Mu lallaɓa mu kwashe," in ji Baba Mitsugu. "Wa ya gani?"

"Unguwar da ko kyanwa ta gifta sai an ɗaga labule? Tashi mu je. Ni zan yi magana."

"Ke? Ke da mai kawo wasiƙa ma sai kin ɓuya masa?"

A hanya ta yi ta maimaita kalmomin ban haƙuri a zuci, suna zubewa. Da suka iso, ga adon nan tsaye, kore shar a kan farar ƙanƙara, ya fi na kowa kyau a layin. Kyan nasa ma ya ƙara mata kunya. Ga kuma matar marigayin tsaye a gabansa, ta goya hannuwa a baya, tana duban gorar.

Chizuru ta sunkuya har gashinta ya rufe mata fuska. "Inna, mun yi babban kuskure. Ba mu da bakin magana. Yanzu za mu kwashe."

Tsohuwar ta matsa kusa da na hagu, ta kanne ido ɗaya.

"Mitsugu, wannan ta karkace."

"Ranki ya daɗe, wallahi..."

"Ta karkace mana. Tunda mai faɗa maka ba ya nan, ai dole wani ya faɗa." Ta yi 'yar dariya, ta goge gefen ido da bakin hannun riga. "Ɗago, 'yar nan, kar wuyanki ya ƙage. Da na ji ƙarar motarku da safe, sai da na ɗora ruwan shayi na mutum biyu, kamar maigidan yana nan. Kun ga ba ku kaɗai kuka manta ba."

Chizuru ta ɗago a hankali. Labulen gidan da ke kallonsu ya motsa.

"Amma ku cire su daga nan, kafin matar can ta karya wuya da leƙe. Ku kai su ciki, gaban ɗakin maigidan. Ƙofar gida aka hana. Ban taɓa jin an hana cikin lambu ba."

Suka ciccibi adon suka bi ta cikin lambu, ƙanƙara na kai musu idon sawu. A can ƙarshe Chizuru ta hangi dogon shingen gora da ya kewaye bayan gidan. Ya kwanta a wurare da dama, igiyoyinsa sun ruɓe. Marigayin da kansa yake gyara shi duk sanyi, bai taɓa yarda wani ya sa masa hannu ba.

Sai Chizuru ta tuna da ma'aikatanta, da watannin da ke gaba babu komai a cikinsu.

"Inna, shingen nan... idan kin yarda, mu gyara miki shi. Gorar da aka sara cikin sanyi ta fi ƙarko, ƙwari ba sa cinta."

"Ashe kina magana!" Tsohuwar ta dubi shingen ta jinjina kai. "Ɗana ya ce in kira mutanen kamfani. Su kam ba za su taɓa yi mini ado a shekarar makoki ba, don ko sunan maigidan ba su sani ba. Ku sabunta shi duka. Amma irin ɗaurinsa nake so, ba naku ba."

"Irin ɗaurinsa?" Baba Mitsugu ya tsuguna ya duba wani ƙulli. "Wannan ai sai ya kai mu ƙarshen sanyi!"

"Kana da inda za ka ne?"

Chizuru ta saki numfashin da ta riƙe tun daga shago, ya fito fari a cikin iska. Ta zauna a bakin baranda.

"Ku shigo ku sha shayi," in ji tsohuwar. "Kai kuma Mitsugu, ka fara miƙe gorar nan tukuna."